Turanci Ya Ƙi Zama a Takarda: Amsar Tambayoyin da Suka Ƙi Ƙarewa

Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba zuwa Alabar, duk unguwannin Kumasi a Gana, tambayoyin da ake yi mini kan Turanci ba sa canzawa. Masu shirin WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare, masu sake zamanta a Nov/Dec, wato zagayen masu zaman kansu, da masu rubuta takardar neman aiki, bakinsu ɗaya. Ga amsoshin na tara wuri guda. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malam, "am fine" daidai ne?

A'a. "I am fine" ko "I'm fine". Kalmar "am" ba ta fita ita kaɗai sai da "I" a gabanta. Abin da ka saba bugawa a WhatsApp shi hannunka zai zuba a ɗakin jarrabawa, don haka ka gyara tun daga wayar.

Wane littafi zan haddace in iya Turanci?

Babu shi. Mun san darajar hadda tun makarantar allo, amma rubutu ba ta wannan ƙofa yake shiga ba. Abin da ke aiki shi ne wannan. Kullum ka karanta sharhin edita na jaridar Daily Graphic ko Ghanaian Times, shafi guda ya isa. Ka kwafi jimla 5 da hannunka, har da waƙafi da aya. Sannan ka rubuta naka, kalma 150, kan abin da ka gani a ranar, ka kai wa wanda ya fi ka ya bi shi da jan biro. Duk kuskuren da aka zagaye, ka shigar da shi wani littafi na daban, kuskuren a hagu, gyaran a dama. Bayan wata guda ka duba littafin: za ka tarar kurakuranka ba su wuce iri shida ko bakwai ba, su ne suke ta dawowa da sabuwar riga.

Me ya sa aka soke mini "informations" da "advices"?

Saboda ba a yi musu jam'i. Mu a Hausa muna da labarai, shawarwari, kayayyaki, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin ƙara "s". Turanci bai yarda ba a kan "information", "advice", "furniture", "equipment", "luggage". In guda kake nufi, ka ce "a piece of advice". Ita kuwa "news", duk da "s" ɗin da ke wutsiyarta, tilo ce: "the news is bad". Ka nemi ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman. Gefen sunaye za ka riƙa ganin harafin C ko U. Mai U ba a ƙirga shi, ba a sa masa "a", ba a sa masa "s". Shi ke nan.

Malam, ina ta musanya "he" da "she", mutane na yi mini dariya.

Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Hausarmu ta Zango ta daɗe da sakin bambancin mace da namiji, muna cewa "ya zo" ko da Hajiya ce ta zo, kuma Twi da muke ji dare da rana ita ma kalma ɗaya take da ita ga duka biyun. In kin gama rubutu, ki bi kowane "he", "she", "his", "her" da yatsa, ki tambayi kanki wa ake nufi. Minti biyu ne.

Yaushe ake cewa "I saw him", yaushe ake cewa "I have seen him"? Kowane malami da abin da yake faɗa.

To, wannan ita ce tambaya. A nan sai an zauna, domin amsar ba ta miƙe sosai ba, kuma duk wanda ya ce maka doka ɗaya ta rufe ta, ya rage maka wani abu.

Tushen matsalar a harshenmu yake. "Na gan shi" ta ɗauke duka biyun. Bature kuwa ya raba, kuma ba da tsufan abin ya raba ba, da yadda mai magana yake kallon lokacin.

Abin da ba a jayayya a kansa: in ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, to "saw" ce. "Yesterday", "last week", "two days ago", "in 1957", duk sun rufe. "Ghana gained independence in 1957." Ba a cewa "has gained" a nan, ko da kuwa 'yancin yana nan har gobe. Haka tambayar da ta fara da "when": "When did you come?" Wannan kaɗai in ka riƙe, rabin jan biron ya tafi.

In ba ka ambaci lokaci ba, kuma abin da ya dame ka shi ne halin da ake ciki yanzu, sai "have". "I have lost my Ghana Card" na nufin har yanzu katin ɗan ƙasar ba ya aljihunka. "I lost my Ghana Card last month" labari ne kawai, wataƙila ma an tsinta. Akwai kalmomin Hausa uku da za su yi maka jagora: inda za ka ce "taɓa", ko "riga", ko "tukuna", galibi "have" ake so. "Ka taɓa zuwa Tamale?" ita ce "Have you ever been to Tamale?" "Bai zo ba tukuna" ita ce "He has not come yet." Na ce galibi, ban ce kullum ba.

A lura da "gone" da "been". "Alhaji has gone to Mecca", yana can, kada ka je gidansa gaisuwa. "Alhaji has been to Mecca", ya je ya dawo. Wanda ya rasu kuwa ba a ba shi "has" a kan rayuwarsa: "My late father lived in Salaga."

Inda aka fi zubewa shi ne "tun". Muna cewa "ina zaune a Aboabo tun 2015", sai mutum ya ɗauko ta yadda take ya rubuta "I am living in Aboabo since 2015". Kuskure ne. "I have lived" ko "I have been living", duka biyun sun yi, bambancinsu kaɗan ne a irin wannan jimla. "Since" tana bin mafarin lokaci, 2015 ko Litinin ko ƙarfe 3. "For" tana bin tsawonsa, shekara 10 ko kwana 2.

Yanzu ga inda ƙasa ke santsi. "This morning" ta danganta da agogo: da ƙarfe 10 na safe za ka iya cewa "I have written two letters this morning", da la'asar kuwa safiyar ta rufe, sai "I wrote". "Today" ma haka take rawa, wani lokaci duka biyun sun halatta, ma'anar ce ke ɗan karkata. Sannan mutanen Amurka suna cewa "I already ate" da "Did you eat yet?", kuma a wurinsu ba laifi ba ne. Shi ya sa kake jin abu a fim, malaminka ya soke shi a aji, ka rasa mai gaskiya. Kowa da tasa. Sai dai makarantun Gana tsarin Ingila suke bi, mai duba takardarka ma da shi aka horar da shi, to ka ba shi abin da ya sani. Ka lura kuma da masu karanta labarai: sukan buɗe da "has", daga an shiga bayanin wuri da lokaci sai su koma "did" da "was". Ba ruɗewa suka yi ba, haka tsarin yake.

Ita kuwa "had", ku daina yayyafa ta kamar gishiri don jimla ta yi nauyi. Babban aikinta shi ne: abu biyu sun wuce, ɗaya ya riga ɗaya. "When I got to Kejetia, the bus had left." Ko a nan, in akwai "before" ko "after" da ta riga ta nuna jerin, sau da yawa ana iya barinta. Shawarata ga mai rubuta labari a jarrabawa: ka kama "went, saw, said" ka tafi da su har ƙarshe, kada ka sauya sai da dalilin da za ka iya faɗa da bakinka.

"Its" ko "it's"?

"It's" gajeren "it is" ne ko "it has". In ka warware ta jimlar ta lalace, to "its" kake nema. "Yours", "hers", "theirs" ba su da waƙafin sama ko kaɗan.

Ina zan sa waƙafi? An ce duk inda zan ja numfashi.

Wanda ya hau tudu da wanda ke kwance numfashinsu ba ɗaya ba ne, don haka a bar wannan. Ciwon da na fi gani shi ne haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kawai. Mun saba da labarin "sai ya zo, sai ya zauna, sai ya ce", sai a kwaso wannan jerin a zuba a Turanci, sakin layi guda babu aya. "The rain was heavy, we stayed at home" kuskure ne. Ko ka sa aya a tsakiya, ko ka sa "so" bayan waƙafin. Gwajin mai sauƙi ne: rufe ɓangare ɗaya da hannu, in kowanne zai iya tsayuwa da ƙafarsa, waƙafi shi kaɗai ba zai riƙe su ba. "However" ma ba igiya ba ce, aya ake sawa kafin ta, waƙafi bayanta. Kuma kada ka raba mai aiki da aikinsa: "The traders in the market, are angry" ba ta buƙatar wannan waƙafin.

Malam, a ba ni manyan kalmomi da za su burge mai duba takarda.

Wannan tambaya ita ke ɓata mini rai. Wa ya gaya muku ana raba maki da nauyin kalma? A WASSCE insha'i maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayani, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da alamomi da harrufa. A wannan na ƙarshe rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure. Yi lissafi: kuskure 20 sun cinye goman nan ƙaf, a rubutun da ake so ya kai kalma 450. Yaro ya buɗe da "I am highly elated to pen down this missive", layi na biyu ya rubuta "he don't", me ya samu? Rawani ne a kan tsumma. Jami'a sakamakon C6 take nema a Turanci ko abin da ya fi shi, kuma gajerun jimloli masu tsabta sun fi kai mutum can. Kalmar da ba ka taɓa ganinta cikin jimla sau uku ba, ba taka ba ce tukuna. A ɓangaren taƙaitawa ma, mai maki 30, cikakkiyar jimla ake so da kalmominka, ba kwafe layin da ke cikin nassin ba.

"Borrow me your pen" fa?

"Lend me." Mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". Aro ne ya ruɗe ka, don a wurinmu tushen kalmar ɗaya ne. 'Yan'uwanta suna da yawa: magani ba a "drink" ɗinsa, "take" ake yi. Wari ba a "hear" ɗinsa, "smell" ake yi. "Off the light" kuma "switch off the light" ce. In za ka fita ka ce wa baƙo "I am coming", mu mun gane ina zuwa kake nufi, shi kuwa zai ga kana tafiya kana cewa kana tahowa. "I will be right back."

Wato duk Turancin Gana kuskure ne?

Wa ya ce? "Trotro", "kenkey", "outdooring", "enstool" suna cikin jaridunmu kullum, kuma babu wata kalmar Ingila da za ta yi aikinsu daidai. "Waakye" da "tuo zaafi" ma daga bakinmu aka ɗauke su, wake da tuwo mai zafi, to mu ne za mu ji kunyarsu? Sunan abin da ke ƙasarmu daban, karya ƙa'idar jimla daban. In mai karatu ba ɗan ƙasa ba ne, ka ɗan bayyana kalmar a karon farko. Burokan kuwa ka bar shi a tasha da dandali, can ya fi daɗi.

An tambaye ni "Didn't you go?", na ce "yes", aka ce na yi ƙarya.

Ba ƙarya ka yi ba, da Hausa ka amsa. Mu "e" tana gaskata mai tambaya: e, ban je ba. Turanci abin da ya faru yake bi. Ba ka je ba: "No, I didn't." Ka je: "Yes, I did." Ka riƙa cika amsar, kada ka tsaya a kalma ɗaya.

Yaya zan rufe takardar neman aiki?

In ka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam", ka rufe da "Yours faithfully", Y babba, f ƙarama, waƙafi a ƙarshe, sai sa hannu, sai cikakken suna a ƙasa. In da sunan mutumin ka buɗe, "Yours sincerely". Adireshi biyu, naka da nasu, kwanan wata, da kan magana. Kada ka tambayi lafiyar manaja da ta iyalinsa. Na san tarbiyya ce, amma ba wurinta ba ne. Kuma "My names are" babu ita, ko sunanka ya kai huɗu: "My name is".

Wayata tana gyara mini rubutu, ai ta wadatar ko?

Ba ta wadatar ba. Ka fara sauya harshenta zuwa Turancin Ingila, don ta daina mayar maka da "colour" da "centre" zuwa rubutun Amurka. Bayan haka ma, in ka rubuta "I leave in Kumasi" maimakon "live", ko "loose" maimakon "lose", ko "their" a gurbin "there", sau da yawa shiru za ta yi, domin duk kalmomi ne na gaske. Kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da ita.