Juriyar Kamfanoni ga Kutse da Katsewar Intanet a Legas

Juriya a fannin tsaron intanet ita ce yadda kamfani, banki ko hukuma ke ci gaba da aiki, ko ta farfaɗo da wuri, bayan masu kutse sun shiga kwamfutocinta ko sadarwa ta yanke. Tushenta shi ne a ɗauka cewa komai tsaro wata rana ɓarawo zai shigo, a tanadi abin yi tun kafin ranar.

Legas ta fi kowane gari a Najeriya buƙatar wannan tanadi. Nan ne hedikwatar galibin bankuna, nan kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke fitowa tudu, irin su SAT-3, MainOne, Glo-1, WACS da Equiano ta Google. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga wayoyin yankin suka lalace a teku daura da Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni, manhajojin bankuna da dama suka tsaya. A irin wannan rana dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 kan riƙe kwando yana jiran alat, mai POS na ta cewa babu sabis, kaya kuwa na laushi a rana. Kamfanonin da suka fi samun sauƙi su ne masu layi biyu da ba su bi waya ɗaya ba.

Kutse ma yakan yi irin wannan ɓarna. A Yunin 2017 mugunyar manhajar NotPetya ta durƙusar da Maersk, kamfanin jiragen ruwa mai tasha a Apapa, ta jawo masa asarar kusan dala miliyan 300. Abin da ya cece shi kwamfuta ɗaya ce a Gana, wadda ɗaukewar wuta ta raba da intanet lokacin harin, don haka bayanan da ke cikinta suka tsira aka farfaɗo da aiki da su. Sa'a ce kawai, kuma ba a gina kamfani a kan sa'a. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a ajiye kwafi uku na bayanai, ɗaya a wani wuri dabam da ba ya haɗe da intanet, a kuma riƙa gwada dawo da shi, wanda nan ne yawanci ake sakaci. Sauran matakan sun haɗa da tantancewa sau biyu kafin shiga asusu, sabunta manhajoji, da koya wa ma'aikata gane imel na yaudara.

Doka ma ta shigo ciki. Babban Bankin Najeriya ya fitar wa bankuna ƙa'idojin tsaron intanet a 2018. Dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ta wajabta kai rahoton hari ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai kula da hare-haren intanet, cikin awa 72. Dokar kare bayanai ta 2023 ita ma ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) idan bayanan mutane sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da su.