Mene ne kash a takardar da ta haɗa bayani da kod?

Ɗaliban da ke haɗa kundin digiri a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere, musamman masu aiki da manhajar lissafin alkaluma ta R, sukan ci karo da cache=TRUE a saman wani guntun kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Kash ke nan: kwamfuta ta adana sakamakon lissafin da ta riga ta yi, don kada ta sake shi.

Donald Knuth na Jami'ar Stanford ne ya fito da tsarin haɗa bayani da kod a 1984, cewa bayanin da mutum zai karanta da kod ɗin da na'ura za ta bi su zauna a takarda guda. Sweave ya biyo baya a 2002, sai knitr na Yihui Xie a 2012, ga kuma Org mode da Jupyter, dukkansu manhajoji ne masu bin wannan tsari. Ana sa kod guntu-guntu a tsakanin rubutu, in an haɗa takardar kowane guntu ya yi aikinsa, alkaluma da zane su fito a gurbinsu.

To, sai dai in babu kash, ko waƙafi ka gyara, haɗawa ta gaba daga farko za ta ɗauko. Mai tsohuwar kwamfuta a Garwa, ga zafin Afrilu, ga batir da ba ya riƙe caji, ya san zafin jiran lissafin da ya gama tun jiya.

Yadda kash yake aiki, knitr yakan ɗauki rubutun guntun da saitinsa ya fitar musu da wata lambar shaida ta wata hanyar lissafi mai suna MD5. In lambar yau ta yi daidai da ta jiya, sai ya ɗauko ajiyayyen sakamako ya wuce. Org mode ma haka yake yi in an rubuta :cache yes, sai dai shi wata hanyar mai suna SHA1 yake amfani da ita, ya manna lambar a kan layin sakamakon.

A nan ne mutane ke faɗawa rami. Rubutun kod ɗin da saitinsa kawai ake dubawa, ba a leƙa cikin fayil ɗin da kod ɗin ke karantawa. A ce wata ɗaliba tana bin farashin buhun albasa a kasuwannin Marwa, ta ƙara alkaluman sabon wata a albasa.csv, ta sake haɗa takardar. Layin da ke cewa a karanta albasa.csv bai canza ba, don haka zanen watan jiya ne zai fito, babu gargaɗi, babu jan rubutu. Ɗumame aka kawo mata a matsayin sabon tuwo. Haka ma in guntu na biyar ya dogara da na biyu: an gyara na biyu, na biyar bai da labari.

Akwai magani. A knitr, saitin dependson yana ɗaure guntu da wanda ya dogara da shi, saitin cache.extra kuma yana ba ka damar cusa lambar shaidar fayil ɗin a ciki, ta yadda in bayanan suka motsa lissafin zai sake.

A ganina, kunna kash a kan takarda gaba ɗaya ganganci ne. Guntun da ke gamawa cikin daƙiƙa biyu, me za a adana masa? A bar shi ga masu cin lokaci. Kafin a kai wa malami kundin kuwa, a goge jakar kash ɗin kaf, a haɗa takardar daga farko, a gwada alkaluman da suka fito da waɗanda aka rubuta a cikin bayani.