Wasan ces ba sai mai baiwa ba

A majalisarmu ta Ƙofar Mata, da ka fito da allon ces, darar nan ta Turawa mai gida 64, za a ce maka: "Malam, wannan ai sai masu kaifin ƙwaƙwalwa." Masu faɗin haka kuwa su ne ke raba dare suna dara a ƙasa da tsinke da tsakuwa, ba wanda ya taɓa tambayarsu baiwa.

An ɗauka duk wanda ya zauna gaban allo gwanin duniya yake son zama. Ina! Tsarin maki na Elo mai auna ƙarfin ɗan wasa, wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970, makamancinsa manhajojin buga ces irin su Lichess ke amfani da shi: ana haɗa ka da tsaranka, ka ci yau, a ci ka gobe, kusan rabi da rabi. Kyauta ne ma, sai ɗan kuɗin data.

Wasan ɗan koyo kuma ba a zurfin lissafi yake lalacewa ba. Sakaci ne: ka bar dokinka, ɗaya daga cikin 'ya'yan ces, ba mai tsaro, a ɗauke. Ƙanena mai shago a Kantin Kwari, abin da ya gyara ke nan kawai, yana duba allo kafin ya taɓa. Yanzu ni yake ci.