Koyar da karatu, rubutu da balaga a ƙaramar sakandare

Koyar da karatu da rubutu da balaga, wato fasahar magana, a ƙaramar sakandare shi ne ɓangaren aikin makaranta da ke kula da abu uku a wajen yaro ɗan shekara 12 zuwa 15: ya ɗauki rubutu ya karanta ya gane, ya zauna ya rubuta nasa, sannan ya miƙe gaban mutane ya yi magana mai tsari da za ta shiga kunne. A Najeriya ba a ware wa aikin nan darasi guda mai wannan suna ba, an raba shi ne tsakanin darasin Turanci da darasin harshen gida, wato Hausa a wajenmu, a wasu makarantun kuma har da Larabci. Kowane darasi a kai ya dogara, don ko malamin lissafi in yaro bai iya karanta tambaya ba aikinsa ya tsaya.

Matakin da ake magana a kai

Ƙaramar sakandare, JSS 1 zuwa JSS 3, ta samo asali ne daga tsarin 6-3-3-4, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a, da aka fara aiki da shi a 1982, bisa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977. Da aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin tushe ga kowa a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, sai aka haɗe shekara 6 na firamare da shekara 3 na ƙaramar sakandare suka zama ilimin tushe na shekara 9, kyauta kuma dole, a takarda dai. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, a ƙarshen JSS 3 kuma a zana jarrabawar BECE, wadda NECO ke shiryawa, jihohi ma suna shirya tasu. A Nijar matakin shekara 4 ne, ana rufe shi da jarrabawar BEPC, karatun kuma da Faransanci. A Amurka yawanci daga aji 6 ne zuwa aji 8.

Abin da ya bambanta matakin nan da firamare shi ne, a firamare yaro yana koyon karatu ne, a nan kuwa da karatun zai koyi komai. Wata masaniya Ba'amurkiya, Jeanne Chall, ta yi fice wajen bayanin wannan sauyi, ta ce tun daga aji 4 na firamare yake farawa. Manhajar JSS 1 ta ɗauka cewa duk wanda ya shigo ya riga ya iya karatu. To a nan gizo ke saƙar, domin rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, kuma waɗannan yaran ne bayan shekara biyu ake ɗinka wa yunifom ɗin sakandare.

Karatu

A 1986 Philip Gough da William Tunmer suka kawo wani bayani mai sauƙi da har yau ake aiki da shi, cewa fahimtar karatu abu biyu ne ke haifar da ita, iya haɗa baƙi da kuma jin harshen da aka yi rubutun da shi, kuma in ɗaya babu to fahimta babu gaba ɗaya. A ajin JSS 1 na makarantar gwamnati za ka tarar da duka biyun. Ga yaron da ko bihim bai sani ba, in an ba shi littafi sai ya sunkuyar da kai ko ya riƙa motsa baki yana bin na kusa da shi. Ga kuma wanda zai zuba maka shafi guda na Turanci ba gargada, ka tambaye shi me aka ce ya yi zuru, karatun aku kenan. Maganinsu ba ɗaya ba ne, amma malami ɗaya ne, firiyod kuma minti 40.

Na farkon sai an koma da shi kan baƙi da wasali da gaɓa, ba, bi, bu, ko da kuwa ya fara gemu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, a makarantar allo ma da babbaƙu ake farawa sannan farfaru kafin a saki yaro ya zarce. Akwai tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi na a raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a ware musu lokaci kullum, kuma an gwada shi a wasu jihohin Arewa, amma a firamare ya fi yawa. A sakandare kunya ce babbar matsala, ɗan shekara 14 ba ya so a ga an zaunar da shi yana ba, bi, bu.

Na biyun shi ake yi wa darasin auna fahimta. Yadda aka saba yin sa shi ne a karanta wani yanki, a amsa tambaya biyar da ke ƙasa, malami ya bi da jan biro. Gaskiya wannan aunawa ce kawai kamar yadda sunan ya nuna, kuma yara sun daɗe da gano dabarar neman kalmar tambaya a cikin yankin su kwafe jimlar da take ciki. A 1984 Annemarie Palincsar da Ann Brown suka gwada wata hanya da 'yan aji 7 a Amurka, wato sa'o'in 'yan JSS ɗinmu, inda ake zama rukuni-rukuni, a karanta sakin layi ɗaya a tsaya, yaro ɗaya ya zama malami, ya yi tambaya, ya taƙaita, a warware kalmar da ta shige duhu, a kuma yi hasashen abin da zai biyo baya, sai a miƙa wa na gaba. Ba ta buƙatar komai sai littafi. Shi littafin ne ma wuyar, makarantu da yawa laburarensu ɗaki ne da kwaɗo a ƙofa.

Rubutu

A darasin Hausa, rubutu yana farawa ne da ƙa'idojin rubutu da shifta. Rubutun boko ya faro da ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buga a 1912, baƙaƙe masu lanƙwasa suka shigo a shekarun 1930, aka yi taron daidaita rubutu a Bamako a 1966, aka sake wani a Yamai a 1980. Duk da haka har yau Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y.

Kurakuran da malamai ke fama da su sanannu ne. Na farko barin lanƙwasa, yaro ya rubuta kafa yana nufin ƙafa, baki a madadin baƙi, kasa a madadin ƙasa, fada a madadin faɗa. Na biyu rabawa da haɗewa, a rubuta "ya na" maimakon yana, "yace" maimakon ya ce, "motar sa" maimakon motarsa, ga kuma rikicin akan da a kan wanda manya ma bai bar su ba. Sai alamomi, aya da waƙafi da alamar tambaya, wani yaron zai cika shafi ba aya ko ɗaya. Waya ta ƙara dagula abin, don kibod da yawa ba ɗ ba ƙ ba ɓ, kuma abin da ido ya saba gani a WhatsApp shi hannu ke rubutawa. Akwai kuma abin da boko bai nuna shi sam, tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, gari na zama da gari na tuwo haka nan, sai jimla ta raba gardama. Wannan ma dalili ne da ke sa a ce mai karanta Hausa sai ya bi ma'ana yake karatu daidai.

Daga nan sai insha'i: na labari, na siffantawa, na bayani, na muhawara, da wasiƙa iri biyu, ta zumunci da ta hukuma. Abin da ya kashe insha'i a makarantu da yawa shi ne hadda, malami ya rubuta samfuri a allo, a kwafe, a haddace, ranar jarrabawa yara 70 su kawo labarin yadda suka yi hutu iri ɗaya sak, kowa ya je ƙauye wajen kakarsa. Tun shekarun 1970 da 1980 masana irin su Donald Graves suka nace cewa rubutu hawa-hawa ne, a tattara tunani, a yi zubin farko, a karanta wa wani, a gyara ma'ana, sannan daga ƙarshe a gyara harafi da aya. Wani nazari da Steve Graham da Dolores Perin suka fitar a 2007, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi da yara daga aji 4 zuwa aji 12, ya nuna cewa koyar da nahawu shi kaɗai tsura ba ya gyara rubutun yaro, amma koya masa tsara tunani, da taƙaitawa, da haɗa gajerun jimloli su zama doguwa, waɗannan suna aiki. Misali a ba shi "Ruwa ya sauka. Kasuwa ta watse. Talatu ba ta sayar da awara ba." a ce ya mayar da su jimla ɗaya da saboda ko shi ya sa. Sai dai malamin da ke da aji huɗu kowanne da ɗalibi 80 ko fiye, in ya ba da insha'i ɗaya ya tara wa kansa takarda sama da 300, don haka ba abin mamaki ba ne a yi zango guda ba a rubuta ko biyu ba.

Balaga

Kalmar daga Larabci take, kuma a karatun zaure ilimi ne mai rassa uku, ma'ani da bayan da badi'i, wanda sai ɗalibi ya yi nisa a nahawu yake kai wa gare shi. A wajen Girkawa kuwa fasahar shawo kan mai sauraro ce. Aristotal, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce da abu uku ake shawo kan mutum: mutuncin mai magana, taɓa zuciyar mai sauraro, da hujja. Daga baya malaman Girka da Rum suka tsara wa yara matasa atisaye hawa-hawa, wanda ya fi shahara shi ne na Aftoniyus na Antakiya a ƙarni na 4 miladiyya, mataki 14. Ana farawa da tatsuniyar dabbobi, yaro ya sake ba da ita a taƙaice ko ya faɗaɗa ta, sai labari, sai sharhin maganar hikima da karin magana, sai ƙaryata labari da gaskata shi, sai yabo da zambo da kwatanta abu biyu, sai ya shiga rigar wani ya yi magana da bakinsa, har a kai ga kare ra'ayi da goyon baya ko sukar wata doka. An yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da wannan jerin a makarantun Turai, wasu makarantu a Amurka ma sun dawo da shi.

Duk Bahaushen da ya duba jerin nan zai ga rabinsa a tsakar gidansu yake. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, karin magana, kirari, zambo, habaici, ba'a tsakanin taubasai ko jika da kaka, cinikin kasuwa, duk yaro ya taso a cikinsu, kuma yarinyar da ba ta iya buɗe baki a aji ita ce za ta yi wa ƙawarta habaicin da sai ta kwana tana juyi. Manhajar Hausa ta san da su, tana koyar da su a ƙarƙashin adabin baka da adon harshe, kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, amma yawanci a matsayin abin da za a haddace ma'anarsa a kawo misali biyu. Da wuya ka ga an ce wa yaro ga "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo", rubuta sakin layi uku, ka faɗi me ake nufi, ka kawo abin da ka gani da idonka da ya gaskata shi, sannan ka kawo inda maganar ba ta zauna daidai ba. Atisayen Aftoniyus kenan ba ragi, kuma a ciki an yi karatu an yi rubutu an yi balaga a zama ɗaya.

Inda balaga ta fi fitowa fili a makaranta shi ne muhawara, dibet kamar yadda yara ke cewa, da jawabin asambili da wasan kwaikwayo. Kan maganar ma kusan gado ne, likita da malami wa ya fi amfani, zaman birni ko zaman ƙauye, makarantar kwana ko jeka-ka-dawo. Aibinta biyu, yara huɗu ko shida ne kawai ke yi sauran 'yan tafi ne, kuma sau da yawa malami ne ya rubuta musu jawabin suka haddace, har da doguwar gaisuwar alƙalai da mai kula da lokaci, shi ya sa in abokin hamayya ya kawo hujjar da ba a shirya mata ba sai ka ji tsit.

Batun harshe

Tsohuwar manufar ilimi ta ce a koyar da harshen gida a shekara 3 na farkon firamare, daga aji 4 a koma Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara 6 cur, Turanci yana matsayin darasi kawai, ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin ma. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a duk shekara 6 na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta aka koma Turanci. A ƙaramar sakandare dai Turanci ne harshen koyarwa a hukumance tun asali, abin da ke faruwa a aji kuwa kowa ya sani, malami ya karanta da Turanci ya yi bayani da Hausa, ya rubuta not a allo da Turanci a kwafe. Wasu makarantun kuɗi har tara suke cin yaro in an kama shi yana Hausa. Mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda malami ya koyar da ita a wannan mataki ita ce NCE ta kwalejin ilimi, inda yawanci ake haɗa darasi biyu, Hausa da Turanci ko Hausa da Larabci, amma a makarantu da dama duk malamin da ke jin Hausa kuma yake da sarari a jadawali shi ake miƙa wa darasin Hausa.