Me Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Ƙin Ɗaukar Wuta Har Ƙarshe?

Mota ta tashi lafiya, silo ɗinta daidai, amma da an taka totur sai allurar juyin inji ta maƙale a juyi 3,000 ko 4,000 a minti, ta ƙi gaba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake afka wa irin wannan mota da canje-canjen kaya bisa zato, alhali yanayin da injin ke gazawa yakan nuna inda cutar take.

Ta ina ya kamata a fara dubawa?

Daga ƙafar direba. A kashe inji, wani ya danne totur har ƙasa, kai kuma ka leƙa ka ga ko faifan da ke maƙogwaron injin ya buɗe gaba ɗaya. Kebul ɗin totur yakan saki da tsufa, wani lokaci ma shimfiɗar ƙasan mota ce ta naɗe a ƙarƙashin fedar. Daga nan a ciro filtar iska a ɗaga ta a rana. In haske bai ratsa ta ba, ta gama aiki.

A firi injin yana hawa, amma a hanya sai ya shaƙe. Me wannan ke nufi?

Galibi mai ne ba ya isa. Injin da ba ya jan komai ɗan mai kaɗan ya ishe shi ya yi ƙara, amma a hawan tudu ko wajen wuce wata mota buƙatarsa takan ninka sau da yawa. Filtar mai da ta toshe ko famfon da ya gaji za su ciyar da shi a silo, su kasa a nan. Mota mai kabureta tana aiki da matsin mai kamar psi (ma'aunin matsi) 4 zuwa 7, mai nozul kuwa yawanci tsakanin 30 da 60, gwargwadon ƙirarta. A auna matsin lokacin da ake ba ta wuta, don awon silo kaɗai yana yaudara. In kuma sai an yi ɗan tafiya take fara laushi, a tsaya a buɗe murfin tanki. Idan aka ji ya zuƙi iska, motar kuma ta warware, hanyar numfashin tankin ce ta toshe.

Kada a haɗa wannan da motar da injinta ke hawa sosai amma ita ba ta gudu. Wancan kuloci ne ke sulɓewa.

Kaburetar kanta fa?

Yawancin masu maƙogwaro biyu, da guda ɗaya kawai suke tafiyar yau da kullum, na biyun sai an taka sosai yake buɗewa. Motar da aka daɗe ana lallaɓawa, na biyun yakan ƙage da datti, ko robar da iska ke ja ta buɗe shi ta tsage. Sai a rasa kusan rabin numfashin injin.

Yaya zan bambance matsalar mai da ta wutar fulogi?

Ƙarancin mai yakan zo da laushi, ƙarfi ya riƙa zubewa sannu a hankali. Matsalar wuta kuwa da tsinkewa take zuwa: misin, fizga, wani lokaci har da harbi ta salansa. Dalili kuwa lissafi ne. Inji mai silinda huɗu da kwayil ɗaya, in yana juyi 6,000 a minti, tartsatsi 200 yake nema kowace daƙiƙa. Kwayil mai rauni, wayar fulogi mai zubar da wuta, ko fulogin da bakinsa ya ci ya buɗe, duk za su iya jure silo su kasa wannan.

Akwai kuma taimin. Yayin da inji ke ƙara sauri, dole tartsatsin ya riƙa zuwa da wuri, don mai ya samu lokacin ƙonewa. A tsofaffin motoci wasu ƙananan ƙarafa masu sifirin a cikin distiributa ne ke wannan aiki, kuma tsatsa na kama su. A haska fitilar taimin a kan alamar fuli, a ƙara wuta. Alamar da ta tsaya cak ba ta matsa ba ta riga ta ba da amsa.

An canza fulogi, filta da famfo, ba a ga sauyi ba. Me ya rage?

Salansa, kuma ita aka fi mantawa da ita. Injin da ba ya iya fitar da hayaƙi ba zai iya shaƙar sabuwar iska ba, kamar mai gudu da aka toshe wa baki da hanci ɗaya. Cikin katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke kan bututun salansa, saƙa ce ta ƙananan ramuka. Idan ta narke ko ta farfashe, ko farantan cikin tukunyar salansa suka ruɓe suka faɗi, hanya ta tsuke. A silo hayaƙin kaɗan ne, yana samun wucewa, shi ya sa motar ke zama kamar lafiyarta ƙalau a tsaye.

Gwajin ba shi da wuya. A haɗa ma'aunin zuƙar iska a manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji. Lafiyayyen inji yakan nuna inci 17 zuwa 21 a silo. A ɗaga shi zuwa juyi 2,500 a riƙe. Idan allurar ta soma sauka a hankali alhali ƙafa ba ta motsa ba, hayaƙi ne ke taruwa. Wanda ba shi da ma'aunin zai iya sassauta bututun gaban katalis na ɗan lokaci, a fili inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin mota yana kisa a rufaffen wuri. In injin ya sake nan take, an gano.

Sai dai katalis ba ya narkewa haka kawai. Ɗanyen man da misin ke turawa cikinsa ne yake ƙonewa a can. Duk wanda ya sa sabo bai gyara misin ɗin ba, zai sake saye.

Fitilar gargaɗin inji na kunne. Kwamfutar motar za ta iya hana ta hawa?

Ƙwarai. Idan ta daina amincewa da na'urar auna iska ko ta matsayin totur, takan rage ƙarfi da gangan don kare injin. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da mahaɗar OBD-II, inda ake karanta lambar matsala. Lambar sashe take nunawa, don haka a duba soket da waya da tiyon iska kafin a sayi sabuwar na'ura. Wasu motocin ma an ƙera su ne kada su wuce wani juyi in suna firi, wannan ba cuta ba ce.

Yaushe za a ce injin ne da kansa ya gaji?

Sai an wanke duk waɗancan daga zargi. A auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 tsakaninsu yana nuna rin ko bawul. A daidaita alamomin taimin bel, don tsallake haƙori ɗaya tak ya isa ya kashe ƙarfin sama. Sifirin bawul da ya yi laushi kuwa yana da alamarsa: injin zai hau lafiya, ya kai wani juyi takamaimai, sai ya soma kakkarwa a daidai wurin nan kowane lokaci, da kaya ko babu kaya.