Ma'anar kalma: su wane ne "Minosawa"?

A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta saka wasu tsofaffin fadoji 6 na tsibirin Kirit cikin jerin kayan tarihi na duniya, sai aka sake jin kalmar "Minowan" a bakin 'yan jarida. Da Hausa za mu ce Minosawa, wato mutanen Minos, kamar yadda muke cewa Katsinawa ko Zazzagawa. Ana nufin al'ummar da ta rayu a Kirit, tsibiri mafi girma a ƙasar Girka, daga wajen shekara ta 3000 zuwa 1100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai dai da za a tashi ɗaya daga cikinsu yau a kira shi Baminoshe, ba zai waiwayo ba. Sunan laƙabi ne da masu tonon tarihi suka manna musu bayan sun daɗe da zama ƙasa.

Minos sarki ne a tatsuniyar Girkawa. An ce yana mulki a birnin Kinosos, yana da wani gida mai lunguna da saƙo-saƙo wanda in ka shiga ba ka fita, a ciki kuma akwai dodo mai jikin mutum da kan bijimi. Mutanen Atina kan aiko masa samari 7 da 'yan mata 7 a matsayin gandu, har ranar da wani ɗan sarki mai suna Tesiyos ya shiga da ƙwaryar zare, ya kashe dodon, ya bi zaren ya fito. Ƙurunƙus.

Wanda ya fara sa fartanya a tudun Kinosos a 1878 wani ɗan kasuwa ne na tsibirin, kuma abin dariya shi ma sunansa Minos, Minos Kalokairinos. Ya ci karo da manyan randunan ajiya, amma hukumomi suka dakatar da shi, lokacin tsibirin yana hannun Daular Usmaniyya. Sai a watan Maris na 1900 Bature ɗan Ingila, Arthur Evans, wanda ya sayi filin da kuɗinsa, ya fara tono gadan-gadan. Cikin 'yan makonni ya tarar da ɗaki mai kujerar dutse jingine da bango, da soraye barkatai, da zanen bijimai a bango, daga baya kuma har da zanen matasa suna tsallake bayan bijimi. Mutumin da ya taso da tatsuniyar Minos a kansa, me kake tsammani zai ce? Ba shi ya ƙirƙiro kalmar ba, wani masani Bajamushe ya riga shi amfani da ita tun ƙarni na 19, amma Evans ne ya yayata ta har ta zauna. Shi ne kuma ya kasa zamanin kashi uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, bisa yadda fasalin tukwane ke sauyawa daga wannan shimfiɗar ƙasa zuwa waccan.

Raɗa wa al'umma suna daga waje ba baƙon abu ba ne a wannan fanni. Mutanen da suka ƙera gumakan yumɓu na Nok ma ba su san kansu da wannan suna ba. Sunan ƙauyen da aka fara tsintar kayan ne a kudancin Kaduna. Bambancin shi ne sunan ƙauye bai ɗauke da labari, sunan Minos kuwa ya zo da sarki da fada da dodo, kuma duk sun bi Evans cikin ramin tono.

Ɗauki kalmar "fada" kanta. Gine-ginen Kinosos da Faistos da Maliya da Zakros duk suna da babban tsakar gida mai kusurwa huɗu, kewaye da ɗakunan ibada, da wuraren sana'a, da dogayen rumbuna cike da randunan man zaitun da hatsi da giya. An gina na farko wajen 1900 kafin Miladiyya, suka rushe wajen 1700, aka sake ginawa fiye da da. Amma a zane-zanensu babu wani sarki da aka nuna ƙarara yana taka abokan gaba kamar yadda Fir'aunonin Masar ke yi. Mata sun fi fitowa a wuraren ibada. Shi ya sa wasu masana ke ganin kujerar dutsen nan ta wata shugabar addini ce, ginin kuma ya haɗa aikin baitulmali da wurin bauta da dandalin taro. Evans bai tsaya ga suna ba ma: a shekarun 1920 ya sa aka sake ɗaga wasu sassan Kinosos da siminti da rodi, masu zane kuma suka cike gurbin hotunan bango daga 'yan gutsattsari. Jajayen ginshiƙan da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a gabansu ba su girmi kakanninmu ba. A ganina ya ceci ginin daga ruwan sama, amma ya toshe wa na baya damar su kalla da nasu idon.

To, da wane suna maƙwabtansu suka san su? Misirawa na kiran ƙasarsu Keftiyu. A kabarin Rekhmire, wazirin Fir'auna Tutmos na Uku, kusa da Luksor, an zana mutanen Keftiyu masu dogon gashi ɗauke da kofunan ƙarfe irin waɗanda aka tono a Kirit. Allunan birnin Mari da ke Siriya sun ce Kaptara, Attaura kuma ta ambaci Kaftor.

Su kansu ba jahilai ba ne, sun yi rubutu. Matsalar ita ce rubutunsu, wanda Evans ya raɗa wa Liniya A, har yau ba a warware harshensa ba. Akwai wani mai kama da shi, Liniya B, da aka samu a alluna dubbai a Kinosos. Evans ya rasu a 1941 yana kan bakansa cewa ba Girkanci ba ne. A 1952 wani matashi mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya ɗora a kan aikin Ba'amurkiya Alice Kober, ya nuna cewa tsohon Girkanci ne tsantsa, kuma abin da ke ciki lissafi ne: tumaki, ulu, mai, karusai. Wannan ya tona cewa bayan gobarar da ta cinye yawancin fadojin tsibirin wajen 1450 kafin Miladiyya, masu magana da Girkanci daga Maisini, wani birni a babban yankin ƙasar Girka, su ne ke riƙe da Kinosos. An taɓa ɗora laifin faɗuwar a kan aman wutar dutsen Santorini, wani tsibiri da ke arewa da Kirit, amma shi ya faru tun kafin nan da shekaru da dama, kuma rayuwa ta ci gaba a Kirit bayansa.

Saboda haka kalmar tana da iyaka. Ba duk tsohon abu a Kirit ba ne na Minosawa. Dokokin da aka sassaƙa a bangon Gortina, masu magana kan aure da saki da gado da bayi, na Girkawan Doriya ne, na ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Rumawa suka ci tsibirin a shekara ta 67 kafin Miladiyya, suka mai da Gortina hedikwata. Ko a waɗancan ƙarnoni mutanen Kinosos na buga hoton gida mai lunguna a kan sulallansu.

A gabashin tsibirin kuwa, a garin Piraisos, an samu wasu da Girkawa ke kira Etiyokiretes, ma'ana 'yan asalin Kirit. Sun bar rubuce-rubuce a kan dutse da baƙaƙen Girkanci amma cikin wani harshe dabam, har zuwa wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Masana da yawa na kyautata zaton jikan harshen Liniya A ne. Duk ɗalibin da ya iya baƙaƙen Girkanci zai iya furta abin da ke kan waɗannan duwatsu, amma fassara ta gagari kowa.