Me ake nufi da "diyyar rauni a wurin aiki"?

A Argungu ko Birnin Kebbi, idan injin casar shinkafa ya cinye wa lebura yatsu, maigida kan biya kuɗin asibiti, ya haɗa masa da buhun shinkafa, sai ka ji ana cewa ai an biya shi diyya. Wannan kyautatawa ce, Allah ya saka. Amma abin da doka ke kira diyya daban ne.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta tanade ta, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke biya. Mai kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata, ba a cire ko kwabo daga aljihun ma'aikaci. Abin da ake dubawa shi ne ko aiki ne sanadin raunin, har da hatsarin da ya rutsa da mutum tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake ba shi wata-wata. Sai dai akwai wa'adi, kuma nan ne ake yawan yin sakaci: ma'aikaci ya sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7, a nemi diyyar kafin shekara ta zagayo.

Diyya daban take da tallafin naƙasa, wanda shi ba ruwansa da inda aka ji ciwon, halin da mutum ke ciki yake kallo. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma ba albashi ta yanka musu ba. Mai asusun fansho kuma, idan likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, yana iya taɓa kuɗinsa tun bai kai shekara 50 ba. Wannan guminsa ne da ya tara.

A Amurka ne diyyar da tallafin naƙasa ke cin karo sosai. Can idan kuɗin naƙasa na gwamnati da diyyar aiki suka haɗu suka haura kashi 80 cikin 100 na abin da mutum ya saba samu, sai a zaftare na gwamnatin.

Mu a nan matsalar tun daga tushe take. Leburan da ake biyansa a hannu kowace yamma, sunansa ba ya cikin kowane littafi, ranar da injin ya kama shi ma wataƙila katin asibiti kaɗai ne zai nuna ta.